Motar da Ta Sha Gishiri

Da ƙafa Agosu ya fara fitowa duniya, shi ya sa aka sa masa wannan suna, kuma tun muna yara duk abin da ya yi a baibai sai a ce ba laifinsa ba ne, haka ya zo. Ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni da shekara shida, Fofo nake ce masa, wato yaya. Ni ne Mesan mai walda. Rumfata tana bakin hanyar da ta taso daga Wida ta gangara ƙauyenmu Jegbaji, inda mata ke dafa gishiri. Na sha ba da labarin motarsa a wurin shan bammi, kullum ina zare kaina daga ciki. Yau zan ba da shi da ni a ciki.

Agosu ba malalaci ba ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Da sana'ar su ya fara, a kwale-kwalen ubansa, har kifin tafkinmu ya ƙare, aka koma kamo 'yan ƙananan da ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci. Ya sayar da koma ya sayi babur, ya shiga acaɓa a Wida. Shekara tara yana yi, har ranar da wata tifa ta goge shi ta bar masa gwiwar da ba ta lanƙwasuwa sosai. Daga nan ya dawo gida ya zama mai saro wa matarsa itace da ɗauko mata ruwa. Maza suka sa masa suna Mijin Mai Gishiri. Yakan yi dariya tare da su, amma ni na san dariyar ba ta wuce haƙori.

Matar, Hwefa, wadda muke kira Maman Fifa, ita ce ginshiƙin gidan. Tun tana 'yar shekara goma take aikin. Da rani ta kankare ƙasar fadama, ta cika manyan kwanduna, ta zuba ruwa ya tsatso ta ƙasa. Sai ta jefa ƙwallon kwakwar manja a ruwan: in ya taso sama, ruwan ya yi ƙarfi, a ɗora a wuta, in ya nutse, a sake. Sauran mata sai sun jefa ƙwallon. Ita da bakin yatsa take ɗanɗanawa ta faɗi, in aka jefa kuma haka yake fitowa. Daga nan sai bukka, murhu huɗu, hayaƙi daga safe har la'asar. Hayaƙin nan ne ya cinye mata idon hagu, ya koma fari fat. Da na dama ya fara ruwa da yaji, Agosu ya kai ta asibitin ido a Kwatano. Likita bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ga magani, amma maganin gaskiya shi ne ta rabu da hayaƙi. In ta ƙara rani biyu a bukkar nan, sai dai a riƙa yi mata jagora.

A hanyar dawowa ne Agosu ya haifi dabarar mota. Ya zo rumfata yana ɗingishi da sauri, ko zama bai yi ba.

"Mesan, gishirin nan fa a Bohikon kusan ninki biyu ake sayensa. Masu mota ne ke cin wahalar matanmu. In da mota, mu saya a hannun mata mu kai da kanmu. Ita ta zauna gaba ta yi ciniki, ni in ja. Ita da murhu sai dai na tuwo."

Na ce, "Fofo, da wane kuɗin?"

Akwai adashin da Hwefa ta shekara uku tana zubawa, ɗaukarta ya zo. Akwai kwale-kwalen uban nasa da ke kife a bayan gida. Akwai zannuwanta na aure guda shida da ba ta taɓa ɗinkawa ba. Da aka tattara aka samu sefa dubu ɗari tara da 'yan kai. A filayen motocin Kwatano wannan kuɗin gaisuwa ne kawai, amma Agosu ya ce an ba shi labarin wata da ta daɗe a ajiye, an riga an biya mata kwastan, mai ita ya gaji da ganinta.

Hwefa ce da kanta ta zo ta same ni. Tsakanina da ita akwai wasa irin na matar wa da ƙanin miji, amma ranar ba ta zo da wasa ba. Ta ce, "Mijina ƙarami, wan naka ya san ruwa, ya san babur, bai san mota ba. Kai ne ka san ƙarfe. Ka bi shi ka duba mini ita ciki da bai. Idona ne za ku sayo." Na buga ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta.

Ranar Asabar muka tafi, kuma a nan ne aka samu matsala. Ranar ake bikin binne surukin wani abokina a Kwatano, an fitar da anko, farin leshi mai ratsin shuɗi, na biya tela ya yi mini ɗinki na gani na faɗa. Na ce mu jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: mu ga mota da safe, in wuce wurin biki da rana. Saboda haka cikin farin leshi na shiga filin motoci, da takalmi mai sheƙi.

Motar tana can ƙarshen fili, jikin katanga, ciyawa ta fito tsakanin tayoyinta. Doguwa ce mai ƙofa biyar, koriya, bayanta zai ɗauki buhu goma ba gardama. Dillalin, wani siriri mai baƙin tabarau da ake kira Romarik, ya fara zuba tun kafin mu ƙarasa.

"Wannan ai ta wata tsohuwar Baturiya ce. Coci, kasuwa, gida. Ko tsawa ba a taɓa yi mata ba."

Na leƙa agogon tafiyarta, na ga kilomita dubu ɗari uku da tamanin da bakwai. Na ce, "To lallai cocin tsohuwar nan da nisa yake."

Agosu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Bar ta, Mesan. Wadda ta yi wannan tafiyar ba ta mutu ba, Bohikon ce za ta gagare ta? Ai ta san hanya."

Aka kawo batir aka tayar. Ta yi tari sau uku ta kama. Na buɗe gaba na saurari inji, na duba mai, na taka birki, na jijjiga sitiyari. Na lissafa masa abin da na gani: kuloci ya gaji, lagireto na yoyo, salansa ta fashe, taya biyu sun suɗe. Duk abin gyara ne. Saura abu ɗaya, wanda ko ɗan koyo ya san shi ne na farko: a kwanta a shiga ƙarƙashi. Na dubi ƙasa. Baƙin mai ne da laka, ga ruwan da aka wanke wata mota ya kwanta. Na dubi leshina. Sai na ɗan rusuna, na leƙa daga tsaye, na ga ƙarƙashin baƙi wuluk yana ƙyalli, an shafe shi da sabon fenti mai kauri kamar kwalta. Ya kamata wannan ƙyallin ya tsorata ni, domin ba wanda ke yi wa ƙarƙashin tsohuwar mota kwalliya don Allah. Amma rana ta yi, ana jirana wurin biki. Na miƙe na kaɗe gwiwa na ce, "Lafiya lau take."

Araha ba ta ado, haka ake faɗa, amma ranar da motar ta shigo Jegbaji sai ka ce amarya aka kawo. Yara na bin ta, mata sun fito daga bukkoki da jajayen idanu suna guɗa. Dattijon gidanmu ya zuba sodabi, barasar da ake tatsa daga bammi, a kan kowace taya, ya kira sunayen kakanni, ya kurɓi sauran. Agosu na tsaye riƙe da makulli, ya sa hular da ban taɓa ganinsa da ita ba. Waɗanda ke ce masa Mijin Mai Gishiri suka koma Direba.

Hwefa ba ta yi guɗa ba. Da yake idon ba ya ba ta yadda take so, da hannu ta duba motar. Ta shafa ƙofa, ta shafa gilashi, ta zagaya baya. Sai ta tsuguna wajen tayar baya, ta zura hannu can ciki ta saman taya, ta ɓanɓaro wata busasshiyar laka mai haɗe da jan gari. Ta murza, ta sa a harshe. Ta sake ɗanɗanawa.

"Motar nan ta sha gishiri," in ji ta.

Wurin ya fashe da dariya. Wata ta ce, "Maman Fifa, harshenki ne ya lalace, ko zuma aka ba ki gishiri za ki ji." Agosu ya ce, "Ta teku aka kawo ta, mace. Iskar ruwa ce."

"Na san gishirin iska. Wannan ba shi ba ne. Wannan zuba shi aka yi, kuma an daɗe ana zubawa."

Agosu ya ce, "To wa zai yi wa mota miya?"

Aka sake kwashewa. Ta juyo da idonta mai gani wajena ta ce, "Mesan, ka duba ƙasan?" Na ce na duba. Jan garin da ke yatsunta kuwa na gane shi tun daga inda nake tsaye, tsatsa ce, irin wadda ta ci ƙarfe har ta ƙoshi. Amma jama'a na kallo, kuɗi ya riga ya tafi, ni kuma an san ni da sanin ƙarfe. Na bi 'yan dariya na yi dariya.

Gyara ya ci wata uku. Aka sa kuloci, sai giya ta ƙi shiga. Aka gyara giya, sai aka ga ruwa na haɗuwa da mai. Bakanike a Wida ya sauke kan inji, ya ce a nemo wani a kasuwar tsofaffin kaya. Kuɗin da aka ware na sarin gishirin farko shi ya fara tafiya. Da ya ƙare, Hwefa ta ɗaura ɗankwali ta koma bukka. Ta ce na ɗan lokaci ne, kafin mota ta tashi. Duk ƙarfen da aka ɗaura wa motar nan, daga kaskon gishirinta ya fito. Nakan wuce in hango ta a ƙofar bukka tana matse ido da gefen zane, in sauya hanya.

Salansa ce aikina, ita aka bari ƙarshe. Ranar da aka kawo motar rumfata na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi, wata uku bayan lokacin da ya kamata. Na sa sukundireba na ɗan caki baƙin fentin nan a jikin ƙarfen da ke ɗauke da motar, wanda muke kira ƙashin baya. Sukundireban ya shige har mariƙi kamar na caki burodi. Na gwada gaba, na gwada baya. Inda ƙafafun baya suke kamawa kuwa, fentin ne kawai ke riƙe da su, da ikon Allah. Jan gari ya yi ta zubo mini a fuska. Na daɗe kwance a wurin ban fito ba.

Na kira Agosu ya shigo da ƙyar saboda gwiwarsa. Muka kwanta kafaɗa da kafaɗa, na nuna masa.

"Ka liƙe mana," in ji shi.

"Fofo, walda lafiyayyen ƙarfe take kamawa. Ba a ɗinka ruɓaɓɓen zane. In na sa wuta nan, ramin ne zai ƙaru."

"Ka liƙe duk da haka."

"Mu sayar da ita ga masu kayan gyara. Injin zai yi kuɗi."

"Nawa? Kwata? In je in ce mata adashinta da zannuwanta da wata ukun nan na hayaƙi sun zama kwata?" "Tafiya goma kawai nake so, Mesan. Goma. In ta yi, mun fita. Kada ka gaya mata."

Na ji tausayinsa, amma gaskiya ba tausayi kaɗai ya sa na yarda ba. In aka gaya mata, tambayar farko da za ta yi ni za ta yi wa. Na samo ƙarafunan tsohon gado na ɗaɗɗaure inda ya samu, na ce kada ya wuce buhu biyar. Ya ce to. Ni da shi duk mun san buhu biyar ko kuɗin mai ba zai fitar ba.

Ranar tafiyar farko buhu goma sha biyu suka ɗora. Huɗu na Hwefa, takwas na matan da suka ba da nasu a kai musu. A daren da ya gabata an yi ruwan farko, alamar ranin gishiri ya zo ƙarshe, hanya duk kududdufai. Hwefa ta fito da zanen fita da baƙin tabarau da likita ya ba ta, ta zauna gaba, ta ɗora jaka a cinya. Shekara ashirin da sanina da ita ban taɓa ganinta zaune da safe ba abin yi a hannu ba sai ranar. Da za su wuce rumfata ta ɗago mini hannu ta ce, "Me zan sayo maka, mijina ƙarami?"

Ko kilomita biyu ba su yi ba. Bayan gada akwai wani rami da ruwa ya rufe, motar ta faɗa, aka ji ƙara kamar an karya busasshen reshe. Da na iso a guje, bayan motar ya zauna daɓas a cikin ruwa, tayoyin baya sun buɗe waje, ƙasan ya ɓurme, buhuna sun zube. Ba wanda ya ji ciwo. Agosu na cikin kududdufi har gwiwa yana jan buhu, buhun na ƙara sauƙi a hannunsa, domin gishiri daga ruwa ya fito, kuma ba ya jin kunyar komawa. Hwefa ba ta fito ba. Tana zaune a kujerar gaba da jakarta a cinya, tana fuskantar hanyar Bohikon.

Maza takwas ne suka jawo motar zuwa gindin kwakwar da ke bayan rumfata. Cikin masu kallo akwai Tsoho Kosme, wanda ya yi shekara ashirin yana sharar titi a ƙasar Turawa kafin ya dawo da fansho da ciwon ƙugu. Ya sa sandarsa ya caki ƙarfen, ya gyaɗa kai.

"Ta ƙasar sanyi ce. Gishiri ne ya cinye ta."

Hwefa ta juyo. "Baba, me ka ce?"

"Gishiri, 'yata. In sanyi ya yi, ƙanƙara takan rufe titi, mota ta yi ta santsi. Sai a fito da manyan motoci a yi ta watsa gishiri don ta narke. Ni da hannuna na watsa, da shebur."

Wani ya ce, "Kai Tsoho, ban da ƙarya. Gishirin ci?"

"Gishiri dai. Tsibi-tsibi, ya fi cocin Wida tsayi."

Ba wanda ya yi dariya. Mu nan ko ɗan kaɗan ya zube a ƙasa sai an tsince, yaro ya taka kuwa sai ya sha duka. Ko da wasa bai taɓa zuwa mana a rai ba cewa akwai inda ake zubar da shi a hanya mota ta bi ta kai. Hwefa ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce, "A titi guda, kamar kwando nawa?"

"Kwando? Abin da za ki dafa har ki mutu bai kai na safiya ɗaya ba."

Ta ce, "To." Ta mayar da tabarau, ta kama hannun mijinta suka tafi gida.

Matan da gishirinsu ya narke ba su ce a biya su ba, amma Hwefa ba mai kwana da kayan mutane ba ce. Da rani ya dawo ta koma bukka, ta dafa nasu ta dafa nata. Agosu ya sayar da injin, kuɗin ya tafi a maganin ɗigawa da ba ya hana komai. Ya yi rama, ya daina zama cikin maza, hular nan ban sake ganinta ba. Romarik kuwa na je nemansa sau biyu da niyyar faɗa, aka ce ya koma wani filin. Ban matsa ba. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu, kuma na san inda sawun zai biyo.

Likita ya ce rani biyu. Ɗaya da rabi ta samu kafin idon dama ma ya rufe.

Har yanzu tana dafawa, domin aikin a hannunta yake da harshenta. Agosu ne ke hura wuta, ya kama ta ya kai ta bakin murhu, ya dawo da ita. Ya ciro kujerar gaban motar ya ajiye mata a ƙofar bukka, a nan take hutawa. Watan jiya na kai musu wani kasko da na liƙe, na tarar da ita zaune a kai ita kaɗai, ya tafi itace. Ta gane takuna.

"Mesan ne?"

"Ni ne, Maman Fifa."

Na ajiye kaskon, ta shafa inda na liƙe, ta ce ya yi. Na juya zan tafi sai ta ce, "Tsaya. Ranar da aka kawo motar, da na ce ta sha gishiri, kai ma ka yi dariya. Na ji muryarka."

Na ce haka ne.

"Ka shiga ƙarƙashin, a Kwatano?"

Shekara biyu ina shirya amsar wannan tambaya, da ta zo ban samu ko ɗaya ba. Na ce, "Ban shiga ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an jefa ƙwallo ya taso yadda ta faɗa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta juyo da fuskarta wajena, idanun nan biyu farare, ta ɗan kauce kaɗan daga inda nake tsaye.

"An ce ankon ya yi kyau," in ji ta. "Yana nan?"

Yana nan, a ƙasan akwati, fari tas, ko ɗigo babu a jikinsa.